Yadda Ake Shirya Taron Ranar Masu Naƙasa Ta 3 Ga Disamba A Garinku

Shekarar da muka fara yin taron ranar masu naƙasa a garinmu, ɗakin da aka ba mu aro a saman bene yake. Babu wanda ya lura a cikinmu sai da safiyar ranar, lokacin da yayana ya iso a kan kekensa ya tsaya a gindin matakala. Shan inna ce ta riƙe masa ƙafafu tun yana ɗan shekara uku, kuma shi aka zaɓa ya yi magana a madadin guragu. Samari huɗu suka ɗauke shi cak, da farar shaddarsa da ya kai wanki da guga saboda ranar, suka haura da shi jama'a na kallo. Bai ce uffan ba. Sai da dare muna zaune a zaure ya ce da ni, "Ɗan'uwa, yau kun yi taro a kanmu. Baɗi ku gwada yinsa da mu." Mu bakwai ne muka shirya taron, babu mai naƙasa ko ɗaya a cikinmu.

Abin da zan zayyana a nan shi ne abin da muka koya tun daga wannan rana, domin mai son shirya irin wannan taro a ƙaramar hukumarsu, ko unguwa, ko makaranta, ya fara daga inda muka kai.

Mataki na ɗaya: ku san ranar, ku san doka

Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya ware 3 ga Disamba a shekarar 1992, bayan an kammala shekara goma da majalisar ta keɓe wa masu naƙasa daga 1983. Kowace shekara majalisar na fitar da take. Na 2024, alal misali, ya tsaya ne a kan shugabancin masu naƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da babbar naƙasa, wato kusan mutum 1 cikin 6. A 2006 aka amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin masu naƙasa. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Najeriya a 2010, Gana a 2012.

Wannan duk shimfiɗa ce. Makamin da za ku riƙe a hannu, idan a Najeriya kuke, shi ne dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ku nemo ta, ku sa mai karatun boko ya karanta wa kwamiti da Hausa, sashe bayan sashe. Za ku ji cewa wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani kuwa tarar naira miliyan 1. Za ku ji cewa an bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. Akwai kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, akwai ilimi kyauta har sakandare, akwai fifiko a layi. Dokar ce kuma ta kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa da ke Abuja. Jihohi irin su Filato, Legas, Jigawa, Kano da Kaduna suna da nasu dokokin, don haka ku duba ta jiharku ita ma. Da yawa daga cikin jami'an da za ku gayyata ba su taɓa karanta ko shafi ɗaya ba. Idan kun san ta, maganarku ta tashi daga roƙo ta koma neman haƙƙi, kuma har a muryar mutum ana jin bambancin.

Mataki na biyu: kwamiti

Ku fara a watan Satumba. Wata uku ba su yi yawa ba.

Nan ne aikin yake ginuwa ko ya rushe, shi ya sa zan daɗe a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mafi yawan 'yan kwamiti su zama masu naƙasa, shugaba ya fito daga cikinsu, ma'aji ma haka in da hali. Masu lafiyar gaɓɓai irina aikinmu kai wasiƙa, ɗaukar kujeru, tuƙa mota da rubuta abin da aka yanke.

Ina za ku same su? Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga tsarin shugabancin masu naƙasa. Tun kaka da kakanni akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, a wasu garuruwan har da Sarkin Bebaye, kuma jama'arsu na jin maganarsu. Ku je gidajensu da ƙafarku, ku gaishe su gaisuwar sarakai, ku ce shawara kuka zo nema. Kada ku aika yaro da takarda. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙungiyoyin zamani, waɗanda uwarsu ita ce haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD, da ke da rassa a jihohi. Su ne galibi 'yan boko, malaman makaranta, ɗalibai da ma'aikata. Wani lokaci akwai ɗan tsami tsakanin ɓangarorin biyu: matasa na ganin sarakunan sun riƙe wa bara gindi, sarakunan na ganin matasan ba su da ladabi kuma sun fi kusa da kuɗin tallafi. Kada ku shiga tsakani da ɗaukar gefe. Ku ba sarakuna kujerar iyayen taro, ku ba matasa ragamar aiki. A wurinmu hakan ya zauna daram.

Sannan ku ƙirga waɗanda ba su zo ba. Guragu maza su ne suka fi saurin cika wuri domin suna da keke, suna da baki. Kurame fa? Zabiya fa? Masu lalurar laka da ke kwance a ɗaki tun bayan haɗarin mota? Waɗanda suka warke daga kuturta, da har yau wasu ke ƙin haɗa kwano da su? Iyayen yara masu galahanga, waɗanda ake ɓoye 'ya'yansu a ƙuryar ɗaki idan an yi baƙi? Mata kuwa su ne aka fi mantawa. Ku ware musu kujeru a kwamiti da gangan, ku sa lokacin zama da hantsi ko bayan la'asar yadda za su iya fitowa, in ya kama ku nemi izinin mazaje ko iyaye ta hannun dattijuwar da ake girmamawa. Wata baiwar Allah makauniya da ta shigo kwamitinmu a shekara ta biyu ita ce ta fara ɗaga maganar yadda ake yi wa mata masu naƙasa a ɗakin awon ciki, har da tambayar "ke ma kuma?" Mu maza da za mu shekara muna zama ba za mu hango wannan ba.

Wurin zaman kwamiti ya zama a ƙasa, kuma tun zaman farko a samu mai fassara maganar hannu.

Mataki na uku: ku zaɓi buƙata ɗaya

Matsalolin suna da yawa, kuma kowa zai so a ambaci tasa. Ku bar kowa ya faɗa, ku rubuta duka. Amma abin da za ku sa a gaba ya zama guda ɗaya, in ya yi yawa biyu, wanda mutumin da zai zauna a kujerar babban baƙo yake da ikon aiwatarwa kafin Disamba ta zagayo. Shugaban ƙaramar hukuma ba zai iya kawo ƙarshen tsangwama ba, amma zai iya sa a gina gangaren keke a asibitin sha-ka-tafi. Sakataren ilimi zai iya ba da umarni a karɓi yara guragu a firamare mafi kusa da gidajensu, a mayar da ajinsu ƙasa. Kwamitin masallacin Juma'a zai iya gyara wurin alwala da ƙofa ɗaya. Sarkin kasuwa zai iya ware rumfuna.

Hanya mafi kyau ta gano buƙatar ita ce zagaye. Ku sa rana a watan Oktoba, ku fita ku biyar ko shida: mai keke, mai sandunan dogarawa, makaho, kurma, da mai riƙe littafi da tef ɗin awo. Ku je sakatariya, asibiti, banki, kotu, makaranta, tasha, masallaci, coci. A kowane wuri ku gwada shiga kamar yadda kowa ke shiga, ku rubuta abin da ya faru. Matakala nawa ne? Faɗin ƙofa nawa? Banɗaki na shiguwa? Kwatar da ke bakin titi a rufe take, ko makaho zai iya afkawa? Idan kurma ya zo wurin likita, wa ke yi masa fassara? Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoto, kuma ku yi sallama cikin mutunci, domin ba faɗa kuka zo yi ba.

Ga lissafin gangare, domin magina da yawa suna yin abin da suka ga dama. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kowane inci 1 na tsayi yana buƙatar ƙafa 1 ta tsawo. Idan matakala uku ne, kowanne inci 6, tsayin ya zama inci 18, gangaren kuma ƙafa 18. Faɗinsa kada ya gaza ƙafa 3, in an samu 4 ya fi. A sama a bar fili shimfiɗaɗɗe kamar ƙafa 5 inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa ba tare da ya sulale baya ba. A sa ƙarfen dafawa a gefe biyu. Kada a liƙa tayil mai santsi, a bar siminti da ɗan kaushi. Na sha ganin gangaren da aka yi shi a miƙe kamar tsanin bene, mai keke ba ya iya hawa shi kaɗai, saukowa kuwa kasada ce da rai. Irin wannan asarar siminti ce kawai.

Mataki na huɗu: kuɗi

Ku rubuta kasafi, ku jera shi bisa muhimmanci. A sama: kuɗin motar mahalarta, ladan masu fassara, ruwa da abinci, lasifika. A ƙasa can: riguna, huluna da kyallen sanarwa. Idan kuɗi ya gaza, daga ƙasa ake yankewa.

Kuɗin mota ba alfarma ba ne. Mai keke yakan biya kuɗin kujera biyu ko ya ɗauki shatar adaidaita sahu, makaho yakan zo da ɗan jagora, wanda kuma ke cin abinci daga abin da ya samu a yini ya bar nemansa ya zo wurinku. Ku yi magana da shugabannin ƙungiyar direbobi da ta masu adaidaita tun da wuri. A wurinmu sun taɓa ba da motoci kyauta don Allah.

Masu hannu da shuni za su ce za su kawo shinkafa da atamfa a raba. Ban ce a ƙi ba, akwai mabuƙata na gaske. Amma daga ranar da rabo ya zama jigon taro, maganar haƙƙi ta mutu. Mutane za su cika fili saboda buhu, a yi turereniya, a ture masu rauni, a ɗauki hoto, a watse. Idan dole a raba, a yi shi washegari ta hannun shugabannin rukuni, da jerin sunaye. Mafi alheri ku roƙi mai bayarwa ya juya kuɗin zuwa abin da ke zama: keken guragu na hannu, farar sanda, keken ɗinki, buhunan simintin gangare. Kekunan ma ku saya daga hannun masu naƙasa, domin a Kano da Jos akwai wuraren walda da waɗanda suka tsira daga shan inna ke ƙera su. Farar sanda kuwa tana yin aiki biyu idan an haɗa da koyar da yadda ake amfani da ita: makaho ya samu 'yancin tafiya, yaron da ke yi masa jagora ya samu damar komawa aji.

Duk abin da ya shigo a rubuta, mutum biyu su sa hannu.

Mataki na biyar: gayyata da shela

Wasiƙu su fita a farkon Nuwamba. Hakimi, shugaban ƙaramar hukuma, sakataren ilimi, shugaban sashen lafiya, jami'in walwala, ɗan majalisa, limamai da fastoci. Idan za ku yi tattaki a titi, ku sanar da baturen 'yan sanda a rubuce, ku nemi 'yan sintiri da jami'an kiyaye haɗurra su tsare hanya. A cikin wasiƙar babban baƙo ku faɗi buƙatarku ƙarara, kada ku jira ku yi masa ba-zata a gaban jama'a. Wanda aka kunyata ba ya cika alkawari, wanda aka shirya da shi kuwa yakan zo da amsa a aljihu. Masu kai wasiƙar su haɗa da masu naƙasa. Idan ofishin a bene yake, ku aika a ce kuna ƙasa kuna jira. Saukowar da zai yi ta riga ta isar da rabin saƙon.

Abin da ya fi yi mana tasiri fiye da komai shi ne huɗubar Juma'ar da ke gaban ranar. Ku ziyarci limamai mako biyu kafin nan. Ba sai kun koya musu komai ba, tunatarwa ce: Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa ya riƙe Madina idan zai fita. Amru ɗan Jamuh gurgu ne, ya halarci Uhudu. A coci ma akwai labarin Mefiboshet, gurgun da Dawuda ya zaunar a teburinsa. Ku roƙi masu wa'azi su wuce maganar sadaka, su taɓo sa yara a makaranta, da aure, da gado, da daina ɓoye yaro.

A rediyo ku nemi fili ko na minti 30 ne, kuma masu naƙasa su yi maganar da bakinsu. Ku tuna kurma ba ya jin rediyo, makaho ba ya ganin fasta. Kowace sanarwa ta fita kala biyu: saƙon murya a WhatsApp, da rubutu ko gajeren bidiyo na maganar hannu a Facebook.

Mataki na shida: wurin taro

Ku je ku duba da kanku, mai keke a gaba. Fili ko ɗaki a ƙasa, ƙofa mai faɗin ƙafa 3, hanya mara yashi mai zurfi domin taya na nutsewa. Idan akwai dandamali, ko dai a yi masa gangaren katako mai ƙwari, ko a haƙura da shi kowa ya zauna ƙasa ɗaya, manyan baƙi da kowa. Mu na biyun muka zaɓa.

Banɗaki shi ne abin da ake jin nauyin faɗa, kuma shi ne ke hana mutane da yawa zuwa. Wanda ke rarrafe da hannu ba zai shiga jiƙaƙƙen makewayi ba, sai ya ƙi shan ruwa tun asuba. A wanke, a busar, a ajiye kujerar roba mai rami da buta, a sa mutum ɗaya na maza ɗaya na mata su riƙa kula har a tashi.

Farkon Disamba hunturu ne, da sanyin safe da ƙura, rana kuma ta buɗe da azahar. A yayyafa ruwa a fili. Zabiya su samu inuwa sosai domin rana na ƙona fatarsu har ta kai ga ciwon daji, kuma a zaunar da su gaba saboda ƙarancin gani. Janareta a kai shi nesa, domin makaho da kunne yake bin taro. Kurame su zauna inda za su ga mai fassara ba tare da kan kowa ya tare su ba, shi kuma ya tsaya inda haske ke faɗa masa a fuska da hannu, ba taga a bayansa ba, da riga mai launi ɗaya.

Masu fassara su zama biyu, suna karɓar juna duk bayan minti 20 zuwa 30, domin aiki ne mai gajiyar da hannu da ƙwaƙwalwa. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. Kuramen da suka yi makaranta, irin ta Tudun Maliki a Kano, suna amfani da maganar hannu ta boko wadda ta samo asali daga ta Amurka. Waɗanda suka tashi a gari kuwa suna da tasu ta Hausa, daɗaɗɗiya, wadda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Ba ɗaya ba ne. Ku tambayi shugabannin kurame wacce jama'arsu suka fi ji. Sau da yawa sai an samu kurma ɗan boko ya tsaya yana juya wa sauran.

Takardar shirin taro a buga da manyan haruffa. In akwai makarantar makafi kusa, a roƙe su kofi kaɗan da rubutun Braille, wanda makafi ke karantawa ta hanyar shafawa da yatsa. In babu, mai gabatarwa ya karanta da baki.

Mataki na bakwai: harshe da hannu

Kwana ɗaya kafin taro ku tara mai gabatarwa da masu hidima ku yi musu bita. Kalmomi irin su musaki, miskini da "abin tausayi" a ajiye su. Wasu sun fi son a ce masu buƙata ta musamman, wasu masu naƙasa, wasu makafin kuma za su ce maka "ni makaho ne, kira ni makaho, ba zagi ba ne." Ku tambayi kwamiti, ku bi abin da suka zaɓa. Wanda ya warke daga kuturta ya warke, magani na kashe ƙwayar cutar, ba ya harbin kowa. A gaisa da shi hannu da hannu a gaban jama'a, a ci abinci tare.

Kada a tura keken mutum sai an tambaye shi. Kada a fizgi sandar makaho ana jansa, ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ba shi kafaɗa ko gwiwar hannu ya riƙe, ka riƙa faɗa masa "ga kwata, ga tudu." In za ka bar wurin ka gaya masa, kada ya ci gaba da magana da iska. Ka yi magana da mutumin kansa, ba da ɗan jagora ko mai fassara ba.

Mataki na takwas: ranar

Ku fara da ƙarfe 9 ko 10, ku tashi kafin azahar. Mai lalurar laka ba ya iya dogon zama, yara masu galahanga kan gaji da hayaniya. Kada ku bar mutane a rana suna jiran babban baƙo; lokaci na yi a buɗe da addu'a.

In za a yi tattaki, ya zama gajere, kuma mafi jinkirin tafiya shi ne a gaba, mota ɗaya na biye a baya domin wanda ya gaji. Kwalaye su ɗauki buƙatarku da Hausa, da boko da ajami. "Babu naƙasasshe sai kasasshe" ta karɓu a bakin jama'a, amma ku haɗa ta da magana mai nuna wuri, kamar "Asibitinmu na da matakala 4, ba mu da hanyar shiga."

Masu naƙasa su fara magana, manyan baƙi su biyo baya da amsa. Idan aka juya tsarin, baƙo zai yi jawabinsa ya ce yana da wani uzuri, ya tafi bai ji komai ba. Kowane rukuni minti 5. Sai a karanta sakamakon zagayen Oktoba, wuri bayan wuri, da awo. Lambobi ba sa zagin kowa, kuma ba a musa su.

A gefen fili a shirya baje kolin sana'a: ɗinki, saƙa, takalma, gyaran waya, walda, man shafawa. A sa farashi, a saya da kuɗi, kada a mayar da shi sadaka. In kuna da 'yan ƙwallon guragu, waɗanda ke wasa a kan katako mai taya suna buga ƙwallo da hannu, ku ba su fili. A Najeriya aka ƙirƙiro wasan, kuma babu abin da ke sauya kallon yara kamar su ga gurgu ya zura ƙwallo fili ya ɗauki sowa.

Akwai al'adar da ban goyi bayanta ba, ta ɗaure wa babban baƙo ido ko a ɗora shi a keke "ya ji yadda ake ji." Minti biyar na tsoro ba su ne rayuwar makahon da ya ƙware da sandarsa ba, abin da ke biyo baya kuma tausayi ne da dariya. Gara a ce, "Ranka ya daɗe, ga mai keke zai tafi ofishinka, muna roƙon ka taka masa." Ya ga inda keken zai tsaya da idonsa.

Hoto kuma sai da izini, musamman na yara da mata. Dokar 2018 ta hana yawo da masu naƙasa ana nuna su don neman kuɗi, kuma wasu hotunan da ake watsawa a intanet ba su da maraba da hakan.

Mataki na tara: takardar alkawari

Shafi ɗaya ta isa. A rubuta buƙatar, da wurin, da wanda zai yi, da ranar gamawa. Tamu ta ce: gangare mai tsawon ƙafa 18 da ƙarfen dafawa a ƙofar asibiti, kafin ƙarshen Maris. Shugaban kwamiti ya karanta, ya miƙa da hannunsa, a roƙi baƙo ya faɗi amsarsa a lasifika, hakimi ya zama shaida. Kofi ɗaya ga baƙo, ɗaya ga hakimi, ɗaya ga gidan rediyo, ɗaya a fayil ɗin kwamiti.

Mataki na goma: bibiya

Cikin mako guda kwamiti ya zauna, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a tambayi kowane rukuni abin da ya ba shi wahala. A kai wasiƙun godiya. Sai a naɗa mutum uku masu bibiya, a ba su kuɗin mota daga abin da ya rage.

Kalanda da kanta tana ba ku dalilin komawa ƙofar ofis ba tare da an ce kun dame su ba: 4 ga Janairu ranar rubutun Braille ce, Lahadin ƙarshe ta Janairu ta masu cutar kuturta, 13 ga Yuni ta zabiya, 23 ga Satumba ta maganar hannu, 15 ga Oktoba ta farar sanda. Kowace ta zo, ku je da kofin takardar ku gaishe su, ku tambayi inda aka kwana. In an cika alkawari ku yaba a rediyo da suna. In ba a cika ba, ku koma wurin hakimi, sannan ofishin masu naƙasa na jiha.

Namu gangaren sai da muka yi zuwa biyar. Maris ta wuce, aka fara zuba siminti a ƙarshen Afrilu. Ranar da magini ya kafa katako muna tsaye da tef, muka tarar ƙafa 9 ya auna. Yayana ya ce masa, "Malam, don Allah ƙara tara, ni ne zan hau." Aka ƙaro buhu uku daga aljihun wani ɗan kasuwa. Bayan mako guda da siminti ya bushe, ya murza kekensa daga bakin titi har teburin yankar kati, babu wanda ya taɓa shi, ya karɓi katin matarsa da ke da juna biyu.